Yadda 24 Ke Zama 2,016 a Hannun Mai Rabon Gado

A Bakura, inda gonar shinkafa ta ruwan madatsar Bakolori ke da daraja, duk wanda aka kira rabon gado ya san ba a yafe masa ko taku ɗaya. Shi ya sa gwanin wannan fanni, kafin ya je gona, allo yake fara ɗauka, ya nemo lambar da za ta rabu ga kowa ba guntu.

A ce magidanci ya rasu ya bar mata 4, 'ya'ya mata 7, mahaifiya, da 'yan'uwa maza shaƙiƙai 3. Suratun Nisa'i ta yanka rabon: mata tumuni, 'ya'ya mata sulusi biyu, uwa sudusi. Ragowar kuma na asaba ne, wato 'yan'uwan nan maza. Ƙaramar lambar da ke ɗauke da 8 da 3 da 6 ita ce 24, ita malamai ke kira asalin mas'ala. Mata su samu 3, 'ya'ya 16, uwa 4, 'yan'uwa 1.

To, a nan gizo ke saƙa. Ta yaya mutum 7 za su raba 16?

Malamin ba ya farfasa kaso, sai ya duba dangantakar lambobin, wadda ba ta wuce huɗu. In iri ɗaya ne, tamasuli, ya ɗauki guda. In ƙarama na shiga cikin babba kamar 3 da 6, tadahuli, babbar ta wadatar. In akwai wata lambar da ke raba su duka, kamar 4 da 6, tawafuƙi ke nan. In ba abin da ya gama su, tabayuni, sai a riɓanya su duka. Su 4 da 7 da 3, wato yawan mata da 'ya'ya da 'yan'uwa, ba sa ga maciji da juna, don haka suka haifi 84. A riɓa da 24, ga 2,016. Kowace mata ta tashi da 63, kowace 'ya 192, uwa 336, kowane ɗan'uwa 28. Tara su ka gani, ko ɗaya bai yi saura ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne idon da ke hango gajeriyar hanya. Da 'ya'yan 6 ne, 16 da 6 na rabuwa biyu, sai 6 ta koma 3, ta haɗe da 3 ta 'yan'uwa, mas'alar ta tsaya a 288. Sabon ɗalibi zai riɓa komai, ya sha wahalar banza da ƙatuwar lamba.

Ɗalibanmu na cin karo da ƙa'idojin gado a Risala da Muhtasar, kuma tun wajen shekarar 820 Alkawarizmi ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara da lissafin gado da wasiyya a Bagadaza. In kuwa wani magaji ya rasu kafin a raba, an shiga munasaha, sai a haɗa mas'ala biyu, lambar na iya haura dubu ɗari.