Tocila, Silin Auduga da Idon Gwani

Ɗan kasuwar Sabon Garin Zariya da tafin ƙafarsa ya daina jin zafin ƙasa zai yi mamaki idan ma'aikacin lafiya ya ce masa, "Alhaji, ɗaga kai in duba idonka." Ina ruwan ido da ƙafa? Gwanin ya san abin da yake nema.

Fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido cike take da jijiyoyin jin taɓi, shi ya sa ƙwayar ƙura ɗaya ke sa ƙato hawaye. Cutukan da ke cin jijiyoyin hannu da ƙafa, irin su kuturta da ciwon sukari, sukan taɓa waɗannan ma.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki, domin a Saye cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta take. Abin burgewa, kayan aikin ba su wuce tocila da silin auduga ba. Gwani yakan ja marar lafiya da hira, alhali ƙiftawarsa yake lura da ita. Sai ya ce, "Rufe ido kamar mai barci." Idan fatar ido ta kasa haɗuwa, jijiyar fuska ta raunana. Sannan ya kawo audugar ta gefe, inda mutum ba zai hango ta ba, don kada tsoro ya sa shi ƙiftawa. Idan an taɓa bai ƙifta ba, idon ya rasa mai gadinsa. Ƙura da bushewa za su ci shi ba tare da ya ji ba. In an gano lalacewar jijiyar da kuturta ta jawo cikin wata 6, magani kan farfaɗo da ita.

A 2003 Rayaz Malik da abokan aikinsa a Manchester ta Ingila suka nuna cewa na'ura mai ɗaukar hoton jijiyoyin ido tana bayyana ɓarnar ciwon sukari, ba yanka, ba allura.

Don haka mai ciwon sukari a Samaru kada ya jira sai ƙusa ta huda ƙafarsa bai sani ba. Asibitin koyarwa na Shika ba nisa; ya je a duba masa ido da ƙafa kowace shekara.