Rabon zangon mita 160: mai bugu, mai murya da mai kwamfuta

Mai sauraren rediyo a Kiru ko Tudun Wada ya san matsakaicin zango hali biyu gare shi. Da rana tashoshin kusa ne ke cin karensu babu babbaka. Da magariba ta yi sai baƙi su kutso, wannan da Larabci, wancan da Faransanci, wata na hawa kan wata. Akwai wani sashe na iskar sama da hasken rana ke sa shi shanye irin wannan sauti. Idan duhu ya shiga sai ya janye, sautin ya bugi sashen da ke samansa ya faɗo ƙasa mai nisa. Don rage wannan cakuɗa aka zauna a Janiba a 1975 aka sa tazarar kilohas 9 tsakanin tashoshi. Shi ya sa 729 na Rediyon Kano da 594 na Rediyon Kaduna duk suke rabuwa da tara ba saura.

Gaba kaɗan da inda allurar akwatin ke tsayawa akwai wani ɗan fili, zangon mita 160, wanda aka bar wa masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin kafa ƙaramar tasha a gida su yi magana da takwarorinsu, ba talla ba ciniki. Tsohon gidansu ne. Dokar Amurka ta 1912 ta kora su zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, da zaton wurin ba shi da amfani, amma a Disambar 1921 aka ji saƙonsu daga Amurka har Sikotilan. A yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai, ainihin rabon daga kilohas 1810 zuwa 1850 ne. Kilohas arba'in ke nan, kuma mutum uku ke neman wurin zama.

Na farko shi ne mai bugun tangarahu irin na Mos, wanda bai cika cin fiye da has 200 ba. Na biyu mai murya, shi kuwa sai ya share kusan 2,700, don haka hira goma sha huɗu ta ishi ta cike filin kaf. Na uku sabon zuwa ne: FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel a kimiyya, da Steve Franke suka fitar a 2017. Faɗinsa has 50 kacal, kwamfuta ce ke aikawa daƙiƙa 15 ta saurara daƙiƙa 15, kuma tana tsamo saƙon da kunnen mutum ba ya ji ko kaɗan.

Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, ita ta shata iyaka: bugu daga 1810 zuwa 1838, kwamfuta wajen 1840, murya daga nan zuwa sama. A nan gizo ke saƙa. Muryar wannan zango ƙasa take zubowa daga lambar da mutum ya saita, saboda haka aka ce kada mai murya ya sauka ƙasa da 1843. Idan ya kuskura ya saita 1842, a ganinsa yana cikin gonarsa, alhali ya zauna a kan tashoshi da dama da ke musayar saƙo ƙarƙashin ƙugin da shi yake ɗauka fanko ne. Zai ma yi ladabin da aka koya masa, ya tambaya ko akwai mai amfani da wurin, ya ji shiru, ya ci gaba. Ladabin an gina shi ne a zamanin da kowa ke jin kowa.

Manoman da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a Bebeji zamanin Audu Baƙo, za su gane wannan tun kafin a gama bayani. Mai shinkafa a bakin kanal ba mugu ba ne. Ba ya dai ganin tumatirin na can ƙarshe yana yaushi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan rabo a ƙasashe da yawa ba doka ba ne, yarjejeniyar mutunci ce. A Amurka hukuma ba ta ma raba wannan zango tsakanin murya da bugu ba. Babbar ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta can, ARRL, ta kai wa hukuma buƙata a 2005 cewa a riƙa raba zanguna bisa faɗin saƙo maimakon irinsa, aka yi mata ca, ta janye a 2007. Yarjejeniyar tana aiki a ranakun da ba cunkoso. A ƙarshen makon da masu murya ke gasarsu a Fabrairu kuwa, iyaka takan zama labari, masu bugu su kashe na'ura su jira Litinin.

Dattawan bugu suna raina FT8. Suna cewa kwamfuta biyu ne ke gaisawa, masu su na shan shayi. Akwai ƙamshin gaskiya: saƙon da mutum zai rubuta da kansa bai wuce harafi 13 ba, ko gaisuwar Bahaushe ba za ta shiga ba, balle a tambayi iyali da gajiya. Amma wannan raini na masu sararin sama mai tsit ne. A nan, daga saukar damina zuwa kaka, tartsatsin tsawa kan rufe ƙananan zanguna har murya mai nisa ta gagara fitowa. Hanyar da ke ratsa wannan hayaniya, ga ɗan Afirka, ita ce sau da yawa bambancin a ji shi da kada a ji shi. Waɗanda suka tsara rabon sun duba cunkoson Turai ne, kuma tsohuwar al'adar barin 1830 zuwa 1835 don tashoshin nesa ta dogara ne kan masu ƙarfi su haƙura su yi shiru.

Ga kuma abin mamaki. Abu biyu da wannan zango ke so, fili da natsuwa, kudancin Kano na da su. Eriyar da ta dace waya ce mai tsawon kusan mita 80. Ina mai gida a Fagge zai shimfiɗa ta? A ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore ko gindin duwatsun Riruwai a Doguwa, itace biyu masu tsayi sun isa. Tsaunin da ke tare wa FM hanya bai cika damun wannan zango ba. Sai dai natsuwar ta fara raguwa, domin inbata mai araha, cajar sola da fitilun zamani suna fesa ƙugi daidai wurin. Wanda ya samu lasisi, da lambar kira mai farawa da 5N irin ta Najeriya, zai tarar Turai da Amurka na rububinsa, don tashar Afirka ta Yamma a mita 160 ba kullum ake jin ta ba. Zai yi aikinsa ne a dararen hunturu, yana aikawa a wuri ɗaya yana sauraro a wani, domin idan ya tsaya a lamba guda masu kiransa za su binne shi.