Jinjina ga Masu Saƙa Raga

A Yankwashi da maƙwabtanta, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, idan gero ya fara nuna, jan-baki ke sauka garke guda, shirwa kuma tana shawagi kan 'yan tsaki. Nan ake gane darajar mai saƙa raga. Shi ya san zaren roba mai jure ranar bazara, ya san wayar da damina ba ta ci da tsatsa. Ƙaramin ido yake yi wa jan-baki, mai faɗi ga shirwa, ƙullinsa ba ya zamewa. Ka je da gaggawa, ya ce maka, “Malam, ja ka ji ƙarfinta tukuna.” Allah ya ƙara albarka a wannan sana'a.