Shagon Haya Ya Rufe, Ina Finafinan Suka Tafi?

Yau a filinmu na sharhin finafinai za mu waiwayi wata sana'a da ta mutu a kan idonmu, ba wanda ya yi mata zaman makoki: sana'ar ba da hayar kaset.

Duk wanda ya yi wayo a Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Maraɗi, tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000, ya san shagon nan. Ɗan ɗaki ne a bakin layi, fastoci sun rufe ƙofarsa. A ciki ga kanta ta katako, kasa-kasai reras, kowanne da lamba a ƙeyarsa. Ga ƙaramar talabijin a sama tana nuna tallar fim mai fitowa. Mai shago na zaune da dogon littafinsa, yana rubuta sunan gida da lambar kaset da ranar karɓa. Yaro zai shigo da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce, "Wai in ji Yaya a ba da Wasila na biyu." Mai shago ya duba littafi ya ce, "Yana waje, ka ce mata sai bayan la'asar." Kwana ɗaya ake ba ka. In ka ƙara, ka biya kuɗin kwana. In bidiyonku ta tauna zaren, mai shago ya buɗe kaset ɗin da sukundireba, ya yanke wurin da ya cukurkuɗe, ya liƙe, shi ya sa wani lokaci ana tsakiyar waƙa sai ka ga an yi tsalle an faɗa wata fitowar.

Me ya sa wannan sana'a ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa? Amsar tana cikin gida. Kano ta daɗe da gidajen silima, irin su Rex da Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, amma a idon jama'a silima ba wurin zuwan matar aure ba ce, ba kuma wurin 'yar mutunci ba. Bidiyo ce ta ɗauko fim ta shigar da shi tsakar gida. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ta buɗe ƙofar da ba a sake rufewa ba. Kafin shekara goma, Sangaya da Wasila sun zama zancen gidan biki da gidan suna. Matan da ke cikin gida su ne ƙashin bayan kasuwar, shagon haya kuma shi ne hanyar da fim ke bi ya iske su, yaran gida na kai da kawowa.

To amma furodusoshi ba su taɓa ganin mai shagon haya da gashi ba, kuma suna da hujja. Tsarin lokacin shi ne, mai fim ya buga kwalin fim ɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwar Bata ko Ƙofar Wambai tare da uwar kaset, su su kwafa su sayar. Ribarsa tana kan yawan kwalin da ya fita. Mai shagon haya kuwa zai sayi kaset ɗaya ko biyu, unguwa guda ta kalla, kuɗin ya tsaya a aljihunsa, ko kwabo ba ya komawa wurin wanda ya zuba jarinsa. Wannan kuka an daɗe ana yin sa.

Ni dai a ganina an yi wa mai haya rabin adalci ne. Ko ba komai, shi saye yake yi. Ranar da sabon fim ya fito, dole ya yi sammakon zuwa kasuwa, don in babu fim ɗin a kantarsa, yaran layi shagon gaba za su wuce. Ka tara shagunan Kano da na sauran garuruwa, za ka ga kasuwa ce tabbatacciya da mai fim ke iya lissafi da ita tun kafin ya ɗora kyamara. Sai da aka rasa shi aka san amfaninsa.

Faifan CD ne ya fara karya shi. Na'urorin kallo 'yan China suka cika kasuwa da araha, kwafar faifai ta zama aikin mintoci, masu satar fasaha suka riƙa cusa finafinai da yawa a faifai guda. Da kuɗin saye ya kusa kamo kuɗin haya, wa zai tsaya ana rubuta sunan gidansu a littafi? Daga nan sai waya da memori. Matasan da ake kira 'yan dawunlodin suka kafa tebura da kwamfuta a bakin titi da kasuwannin waya irin ta Farm Centre, ka miƙa wayarka da ɗan canji, a tura maka finafinai har sai ta cika. A kan teburan nan ne fassarar Indiya-Hausa, irin ta Algaita, ta yi kasuwar da ta girgiza Kannywood. A 2014 kuma tashar Arewa24 ta fara aiki, Daɗin Kowa ya riƙa shigowa gida ba ko sisi. Shagunan haya suka koma na cajin waya, wasu na sayar da kati, wasu aka sa musu kwaɗo.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Blockbuster na Amurka yana da shaguna kimanin 9,000 a faɗin duniya a 2004, amma a 2010 ya durƙushe. Sai dai akwai bambanci babba. A can, mai kallo ya tashi daga biyan shago ya koma biyan Netflix, kuɗi bai daina isa wurin masu fim ba. A nan kuwa ya tashi daga shago ya koma tebur ɗin mai turawa, aka shafe shekaru ana kallon fim fiye da kowane lokaci a tarihi, masu yin sa kuma suna kwana da bashi. Kamfanoni da yawa da muka san tambarinsu a farkon kaset, a tsakanin nan suka yi shiru.

YouTube ne ya dawo da numfashi. A 2020 Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa fim mai dogon zango, wanda ake saki mako-mako, zai iya riƙe kansa da kuɗin talla. Alherin wannan a fili yake. Bahaushen da ke zango a Kumasi da wanda ke Jidda da wadda ke Damagaram duk dare ɗaya suke kallo, ba mai jiran direba ya kawo kaset. Amma hanyar sayarwa takan juya abin da ake sayarwa. A zamanin kaset, labari na ɗaya da na biyu ne, in ya yi tsawo na uku, dole marubuci ya san inda zai sauka. Yanzu kuɗi yana bin yawan makonni da yawan masu dannawa, sai ka ga labarin da ya isa a gama a wata uku an ja shi shekara biyu, zance ya yi yawa, aiki ya yi kaɗan. Kallon ma ya sauya. Da, uwa da 'ya'ya da maƙwabta ke zama kan tabarma ɗaya, in abin da bai dace ba ya fito a ji gyaran muryar babba. Yau kowa da wayarsa da abin kunnensa.

Duk wannan ana iya muhawara a kansa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffin finafinan kansu. Shagon haya, ba tare da ya yi niyya ba, shi ne ma'ajiyarmu. Fim ɗin da ya bar kasuwa shekara biyar, kana iya samunsa a kantar ƙasa, ya yi ƙura amma yana nan. Da shagunan suka rufe, buhu-buhu aka kwashe kasa-kasan, wasu aka zubar, wasu yara suka warware zaren suna wasa. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina tun 2016. Abin da ya tsira zuwa intanet, da yawansa hoto ne dishi-dishi, an yanke farko, an manna tambarin wani a kai. Akwai finafinan marigayi Ahmad S. Nuhu da na farko-farkon marigayi Rabilu Musa Ibro da matashin yau sai dai ya ji labarinsu a bakin yayyensa. A cikinsu akwai Hausar wancan lokaci, da ɗinkinsa, da adon ɗakin amarya, da titunan Kano kafin gadoji.

Kuma ceto yana yiwuwa, mun gani. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi a wata tsohuwar ma'ajiya, aka gyara shi da haɗin gwiwar Jamusawa, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Hukumar finafinai ta Najeriya tana da ma'ajiyar finafinai a Jos, kuma tun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar hukumar, mutumin da fuskarsa ke kan kwalin Sangaya da na Wasila. Kirana gare shi, da jami'o'inmu masu sashen nazarin fim, da ƙungiyoyin masu shirya finafinai, shi ne a bi tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da tsofaffin masu shagunan haya gida-gida, a sayi abin da ya rage a hannunsu, a mayar da shi kan kwamfuta tare da sunan mai shi da shekarar fitarsa. Ku kuma masu sauraro, wanda ke da kwalin kasa-kasai a ƙarƙashin gado ko a sito, don Allah kada ya zubar, ya ɗauke shi daga ƙasa, ya nisanta shi da rana da ruwa har a zo nema.