Bayanan Scofield, Mulkin Shekara Dubu da Azumin Kwana Arba'in

Fastoci da yawa sun gaji fahimtarsu ta mulkin shekara dubu daga bayanan da C. I. Scofield ya rubuta a ƙarƙashin ayoyin Littafi Mai Tsarki, aikin da aka fara bugawa a 1909. Yana da amfaninsa, domin ya farfaɗo da begen dawowar Almasihu, bai kuma yi wasa da Wahayin Yahaya 20:1-6 ba.

Amma akwai gyara. Scofield ya kasa tarihi zamani bakwai, ya ajiye Mulkin a na ƙarshe. A ganinsa Huɗuba a Kan Dutse ƙa'idar wancan Mulkin ce da farko, ikkilisiya darasi take ɗauka daga ciki. To, koyarwar Yesu kan sadaka, addu'a da azumi tana cikin wannan huɗubar, a Matiyu 6, wadda ake karantawa ranar Larabar Toka. In dokar gobe ce, da wane ƙarfi za mu kira jama'a ga tuba yau?

Agustin, a littafinsa Birnin Allah, ya ɗauki shekara dubun a matsayin zamanin ikkilisiya. Ba lalle mu bi shi a kome ba, amma ya tuna mana cewa Almasihu yana sarauta tun yanzu.

A 2025 azuminmu ya haɗu da Ramadan. Maƙwabci a Kambarawa ba ruwansa da lissafin zamanai. Abin da yake dubawa shi ne ko mai azumin ya bar ƙarya, ya biya bashi, ya ciyar da maraya. 'Yan'uwa masu hidima, in za ku koyar da Wahayin Yahaya 20, ku buɗe Ishaya 58 kusa da shi.