Haukan Hamlet a Ma'aunin Gobirawa

Tun da William Shekspiya ya rubuta wasan Hamlet wajen shekarar 1600, masu nazari ke jayayya a kan abu guda: shin Yariman Denmak ya zautu ne, ko haukan ƙarya ya yafa domin ya rama kisan mahaifinsa? Tambayar tana da nauyi, domin akwai jini a ciki. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a cikinsa, mahaukacin da ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, diyya ce ke hawa kan danginsa. Hamlet kuwa ya soke dattijo Foloniyos ta bayan labule.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, tun farkon wasan ya gaya wa abokinsa Horeshiyo cewa zai riƙa nuna halin taɓaɓɓu. A ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi, kuma mutumin Sabon Birni ko Isa zai gane dalili. A ƙasar Gobir, inda Inna ke shugabantar bori tun zamanin Alkalawa, ɗan bori yakan san ranar wasa, ya tanadi tufafin iskarsa, ya zauna kusa da mai garaya. Duk da wannan shiri, waɗanda suka yarda da bori ba su cewa hawan ƙarya ne, kuma ba su kama doki da laifin abin da ya furta kafin ya yi atishawa iska ta sauka. Mutum yana iya kiran abu da kansa, abin ya zo ya fi ƙarfinsa.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne: wa haukan yake yi wa aiki? Hamlet yana zaɓar masu kallonsa. Gaban Sarki Klodiyos da Foloniyos sai sambatu, sambatun ma cike da habaici mai kaifi. Da ya keɓe da Horeshiyo ko 'yan wasan da suka zo fada, sai magana ta miƙe sarai. A cikin jirgin ruwa zuwa Ingila ya sace takardar da ke umartar a kashe shi, ya rubuta wata, ya buga mata hatimin mahaifinsa, 'yan rakiyarsa biyu suka mutu a madadinsa. Dubi Ofiliya kuma. Waƙe-waƙenta da rabon furanni ba su kare ta daga kowa ba, ruwa ne ya ci ta.

Wuri ɗaya ne ke da wuya: ɗakin mahaifiyarsa, inda shi kaɗai ke ganin fatalwar da a farko masu gadi ma sun gani. Amma ya riga ya soke Foloniyos kafin fatalwar ta bayyana, kuma da jin kukan dattijon abin da ya tambaya shi ne ko sarki ya samu. Wannan fushi ne mai manufa, kuskurensa kawai a kan wanda ke bayan labulen.

Saboda haka uzurin da ya ba Layatis, ɗan mamacin, gab da wasan takobi, cewa hauka ne ya aikata ba shi ba, bai gamsar da ni ba. Tabarmar kunya ce ya naɗe da hauka. A daren kisan, gawar na kwance a gabansu, shi da bakinsa ya roƙi mahaifiyarsa kada ta bari sarki ya gane cewa haukan nasa dabara ce.