Kyamara a Matsayin Ganduroba

Kamfanin Roger Corman na Amurka ya ɗauki fim ɗin The Big Doll House, wanda ya fito a shekarar 1971, a ƙasar Filifin domin rage kashe kuɗi. Irin waɗannan fina-finai sukan fake da tona asirin zaluncin gidan yarin mata, alhali tsiraicin fursuna da azabarta su ne hajar da ake tallatawa. Ta haka kyamara take zama ganduroba na biyu. Musulunci bai tauye wa mai laifi haƙƙin sutura ba, balle wadda aka zalunta. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan Kannywood, amma abin da intanet ke kaiwa wayoyin Tarai da Rano ba ya bi ta ofishinta. Awo ya rage ga mai kallo: tausayi fim ya koya masa, ko leƙe?